Kabari Biyu, Babu Gawa

Mu huɗu muka tafi Maijirgi cikin hutun bara, bisa kabu-kabu biyu, don mu ga kaburburan Nasarun nan biyu da mushenmu na tarihi ya ishe mu da labarinsu tun muna lise. Duk wanda ya san hanyar Damagaram ya san wurin: ka fita Tasawa ka miƙe gabas, ba ka gaji da zama ba ka iso. Muna tsaye muna ɗaukar hoto da salula sai ga wani tsoho ya biyo da jakinsa. Muka duƙa muka gaishe shi. Ya dube mu, ya dubi kaburburan.

"Samari, wa kuka zo gaidawa nan? Ai babu kowa ciki."

Muka yi dariya, mun zaci zolaya ce irin ta kakanni. Na ce, "To Baba, ina suka tafi?"

"Ku da kunka yi lakwal, ku za ku hwaɗa mani," in ji shi, ya kaɗa jakinsa ya wuce.

Sai da na koma na bi littattafai na tarar tsohon nan ba wasa yake ba. A 1923 wani matashin Bafaranshe mai suna Robert Delavignette, wanda aka ajiye a Tasawa yana aikin mulki, ya sa aka tone kaburburan kapitan Paul Voulet da kapitan Julien Chanoine. Aka tarar da su wayam.

Bari in faɗi abin da ya sa maganar nan ta tsaya mini a rai, don kada ku ce tausayin Voulet nake ji. Shekara uku ke nan da rasuwar ɗan ƙanen babana, saurayi ɗan shekara 26, wanda ko ciwon kai ba mu saba jin ya yi ba. Ya tafi gona da sassafe lokacin noman farko. Da azahar aka tsince shi kwance gindin aduwa, kumfa a bakinsa. Kafin la'asar sakaliya an kai shi makwancinsa. Ba a cika sadakar bakwai ba sai da labari huɗu ya fito: maciji ne, maganin feshin ƙwari ne, wani da suke rigimar iyakar gona ne ya sa masa guba a fura, mayu ne. Yau gida biyu da suka haɗa kaka ba su gaisawa. Abu ɗaya da zai iya raba gardamar, wato jikinsa, mu da hannunmu muka rufe shi ba tare da wani masani ya duba ba. Shi ya sa da na ji labarin kabarin da babu gawa, na ga ƙasarmu ta daɗe da wannan ciwo.

Ga yadda abin ya faru, ga waɗanda suka yi barci a aji. A 1898 gwamnatin Faransa ta tura ayarin soja daga yamma, ya ƙetare kogin Kwara ya nufi tafkin Cadi. Nasaru tara ne a kansa: Voulet shugaba, Chanoine mataimaki, laftana uku wato Joalland da Pallier da Peteau, ƙananan hafsoshi uku, sai kuma lokotoro guda, Henric. Ku riƙe wannan, akwai lokotoro cikin tafiyar. Sauran duk baƙar fata ne, sojojin da ake kira tirayar, da ƴan dako ɗaruruwa da aka kamo da ƙarfi. Guzuri bai kai ba, ayari ya koma cin garuruwa. Ranar 8 ga Janairun 1899 suka faɗa wa Sansane Hausa a bakin kogi, aka kashe mutum 101, cikinsu da mata da yara. Ranar 16 ga Afrilu suka gwabza da Sarauniya a Lugu. Ranar 8 ga Mayu suka ci Birnin Ƙonni da wuta.

Abin da ya tona asirinsu wasiƙar soyayya ce. Voulet ya kori laftana Peteau daga ayarin, shi kuma ya rubuta wa budurwarsa a Faransa abin da idonsa ya gani, takarda ta bi hannu har ta kai ga ministan ƙasashen mallaka. Aka umarci kanal Klobb ya taso daga Tumbutu da laftana Meynier da soja kamar hamsin, ya bi sawunsu. Bin sawun bai yi wuya ba, toka da gawarwaki ne suka nuna masa hanya. Da ya matso ya aika wa Voulet takarda, Voulet ya mayar masa da amsa cewa yana da bindiga ɗari shida, in ya kusato zai sha wuta. Safiyar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, suka haɗu a Dankori, nan ƙasar Tasawa. Klobb ya hana mutanensa harbi, ya matso sanye da kayan sarki. Voulet ya ba da umarni, Klobb ya faɗi matacce, harsashi ya samu Meynier a ƙafa. Da maraice Voulet ya cire galonsa gaban sauran Nasarun, ya shaida musu shi ya bar Faransa, daula zai kafa ta kansa.

Daga nan ne labari ke fara rawa. Abin da littattafai suka ɗauko shi ne: ranar 16 ga Yuli, a Maijirgi, sojoji baƙar fata suka yi bore suka harbe Chanoine, Voulet ya sulale cikin duhu. Wani sajan ne ya kai wa laftana Pallier labari. Washegari da safe Voulet ya dawo zai shiga sansani, mai gadi ya hana shi, ya harbi mai gadi bai same shi ba, mai gadi ya harbe shi. Aka rufe su, Pallier ya ja ayari, ranar 30 ga Yuli suka shiga Damagaram.

To ku duba da kyau. Mutum uku da suka fi kowa galo sun mutu cikin kwana huɗu, duk da harsashi. Abin da ya isa Paris takardu ne, kuma waɗanda suka rubuta takardun su ne hafsoshin da suka yi wata da watanni cikin ayarin nan, garuruwa na ci da wuta a gabansu. Labarin da ya ɗora laifi duka bisa matattu biyu, ya kuma ce baƙaƙen sojoji ne suka kashe su, ya wanke kowa tas. Ban ce ƙarya ba ne. Cewa nake duk alƙalin da ya san aikinsa, in aka kawo masa shaida irin wannan, zai ce a kawo wani abu da ba ya da riba cikin maganar. Gawa ce kaɗai ba ta da riba.

Wani zai ce, haba, a 1899 wa ya san binciken gawa? Nan ne na fi jin haushi, domin Faransa ta sani, har ma tana cikin na gaba a duniya. Ilimin ma ya girme ta. Tun 1247 wani alƙali a ƙasar Sin, Song Ci, ya rubuta littafi kan yadda ake duba gawa, har da labarin mutumin da aka sare da lauje: aka tara laujunan gari a rana, ƙudaje suka taru bisa guda ɗaya da aka wanke amma ƙarnin jini bai bar shi ba, mai shi ya amsa laifi. Amma bari in tsaya ga Faransa, shekara goma cif kafin Dankori.

Ƙarshen Yulin 1889 wani ma'aikacin kotu a Paris mai suna Gouffé ya ɓace. Ranar 13 ga Agusta aka tsinci ruɓaɓɓiyar gawa cikin buhu a Millery, kusa da birnin Lyon. Lokotoron farko da ya duba ya ce mutumin bai kai shekarun Gouffé ba, gashinsa ma baƙi ne, na Gouffé kuwa ba baƙi ba ne. Aka rufe gawa a matsayin baƙon da ba a sani ba. Cikin Nuwamba, wata uku bayan nan, aka sake tono ta aka miƙa wa farfesa Alexandre Lacassagne na jami'ar Lyon. Nama ya riga ya lalace, sai ya koma ga ƙashi. Ya auna dogayen ƙasusuwa ya fitar da tsawon mutumin. Ya duba haƙora da gaɓoɓi ya ce shekarunsa wajen hamsin. Ya lura ƙasusuwan ƙafar dama sun fi na hagu rauni, da alamar tsohon ciwo a idon sawu, ya ce wannan mutum yana ɗingishi, iyalan Gouffé suka ce haka ne. Ya wanke gashin, sai ga shi ba baƙi ba ne, ruɓa ce ta rina shi, ya gwada da wanda aka samo a matajin Gouffé suka dace. Guringuntsin maƙogwaro a karye yake, alamar shaƙewa. Aka kama mutum biyu, Michel Eyraud da Gabrielle Bompard, aka sare kan Eyraud a 1891. A shekarun nan dai Lacassagne ya nuna cewa zanen da ke cikin bututun bindiga yana barin sawu a jikin harsashi, har a iya cewa wannan harsashi daga irin wannan bindiga ya fito.

Kun ji. Ƙasar da ta yi wannan wahala don ma'aikacin kotu guda, ita ce ta rasa kanal ɗinta da kapitan biyu, ɗaya ma ɗan janar Chanoine ne wanda ya riƙe ministan yaƙi a 1898, amma ta wadatu da takarda. Ƙarshen 1900 wani ɗan majalisa, Paul Vigné d'Octon, wanda shi kansa lokotoro ne da ya yi aiki a Afirka, ya nemi majalisa ta kafa kwamitin bincike. Aka ƙi. Binciken da gwamnati ta buɗe aka rufe shi a 1902, ba a hukunta kowa ba. Bayanin da aka ba duniya shi ne wai kapitan biyun nan wani ciwo ne ya kama su, "sudanit", wato haukar da zafin ranar ƙasar Sudan ke sa wa Bature.

Na daɗe ina juya kalmar nan. An ƙera ta da siffar sunan cuta, irin wutsiyar da Faransanci ke liƙa wa sanƙarau da ciwon hanta, don mai ji ya ɗauka maganar asibiti ce. Amma wane lokotoro ne ya gwada majinyatan? An yanke musu ciwo shekara uku bayan an ce sun mutu, daga nisan dubban kilomita. Kuma ku lura da inda laifin ya sauka: bisa ranarmu. Ba wanda ya tura ayari babu guzuri ba, ba wanda ya ba su bindiga ba. Rana ɗaya ce ta bugi Klobb da Meynier, su ba ta haukata su ba. Kakanninmu kuwa cikinta aka haife su. Ni a ganina wannan ya fi rashin bincike muni: an ari rigar likitanci an lulluɓe abin da likitanci ya kamata ya buɗe.

Mu koma ga ramin Delavignette. Yana ɗan shekara 26 lokacin, sa'ar ɗan'uwana da ya rasu. Daga baya ya zama shugaban makarantar da ke horar da kumandodin mulkin mallaka a Paris, don haka ba mutumin banza ba ne da za a ce ya ƙaga. Abin da ya gano ya ƙara wa wata tsohuwar jita-jita ƙarfi, wai ba a kashe su ba, an bar su ne suka sulale, har wasu na cewa Chanoine ya rayu cikin Sahara ya zama wani farin sarki wajen Tibesti. Ni ban gaskata wannan ba, ya yi kama da tatsuniyar da Turawa ke son ba kansu. Amma kabari wayam ba ya nufin abu ɗaya. Yana iya yiwuwa ba a taɓa sa kowa ciki ba, an gina alama ce kawai daga baya. Yana iya yiwuwa an rufe su sama-sama cikin gaggawa, ga damina, ga ayari na son tashi, kuraye suka yi aikinsu. Yana iya yiwuwa mutanen da aka ƙone wa garuruwa sun tono su, kuma wa zai ga laifinsu? Ko wasu Nasarun sun kwashe ƙasusuwan a ɓoye. Ko kuma masu haƙa sun kauce da taku biyu.

Abin da mai binciken ƙasusuwa zai yi, shi ne ya rarrabe tsakanin waɗannan, kuma ana iyawa. Ƙasar da aka taɓa haƙawa aka mayar ba ta komawa daidai da wadda ba a taɓa ba, launinta da taurinta sukan bambanta, har a ga bakin tsohon ramin. In an kwashe gawa bayan ta ruɓe, da wuya a kwashe duka. Hannu ɗaya na da ƙashi 27, ƙafa ɗaya 26, ƙanana kamar tsakuwa, ga haƙoran da ke zubewa, ga maɓallan riga na ƙarfe. Wanda ya tankaɗe rairayin da rariya zai samu wani abu. In kura ce, haƙorinta na barin sawu a ƙashi. In an samu ƙoƙon kai, ramin harsashi na faɗin ta inda ya shiga: ƙarami ne a waje, ya buɗe ta ciki, inda ya fita kuma akasin haka. Da wannan kaɗai za a san ko Voulet yana fuskantar mai gadin ne, kamar yadda takarda ta ce, ko ta ƙeya aka same shi. Haƙan kabari da shebur a leƙa a ce babu kowa, wannan ba bincike ba ne, kuma duk haƙan da aka yi ba bisa ƙa'ida ba yana lalata wa na baya shaida.

Na daɗe bisa Nasaru uku, kuma na san wani cikinku ya fara tsaki. Yana da gaskiya. Su ko ba komai suna da suna, da ranar mutuwa, da kabari ko da wayam ne. Namu fa? Cikin Yulin nan, kwanaki kafin Dankori, Voulet ya sa an kashe mata da yara 150 don ramuwar sojojinsa biyu. Ba sunan ko ɗaya a rubuce. Na Ƙonni kuwa har yau masu tarihi ba su haɗu kan adadi ba, wasu na lissafin ɗaruruwa, wasu dubbai. Tazarar da ke tsakanin ɗari da dubu mutane ne, kowane da uwarsa. Abin da ya fi kusa da rahoton gawa da aka yi wa mutanenmu shi ne ɗan littafin tafiya na Klobb, wanda aka buga a 1905. Cikinsa, ranar 11 ga Yuli, ya rubuta ya iso wani ƙaramin gari da aka ƙone, cike da gawarwaki, da ƴan mata biyu ƙanana rataye a reshe. Layi biyu, daga sojan da ke sauri bisa doki. Kwana uku bayan nan shi ma ya bi su.

Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, a 2020 kuma aka yi fim ɗin African Apocalypse da ya bi hanyar ayarin yana jin bakin jikokin waɗanda abin ya shafa. Duk sun yi ƙoƙari, kuma maganar baka shaida ce, ban raina ta ba. Sai dai mai son musu yakan ce tsofaffi na ƙari. Ƙashi ne ba a ce masa haka. A Ajantina, tun 1984, wani masanin ƙasusuwa Ba'amurke, Clyde Snow, ya horar da ɗalibai, sa'o'inmu, suka shiga tono waɗanda mulkin soja ya ɓatar, shaidar da aka samu ta shiga kotu. A Senegal, inda sojan Faransa suka buɗe wa tirayar wuta a Thiaroye ranar 1 ga Disamban 1944 aka ce 35 suka mutu, masana suka ce sun fi haka nesa, sai a 2025 aka fara haƙa maƙabartar, aka samu ƙasusuwa da harsashi a jikinsu. Shekara tamanin ƙasa na riƙe da amsa. Rairayin da ke tsakanin Ƙonni da Maijirgi ma yana riƙe da tasa.

Kada mu ɗora komai bisa Nasara, don bayan tafiyarsa mun ci gaba da kanmu. Duk shekara muna tunawa da 9 ga Fabrairun 1990, ranar da aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai, uku a lissafin hukuma. Muna maci, muna jawabi, amma har yau ƙungiyar ɗalibai na tambayar wa ya ba da umarni. Sannan kusan shekara ɗari bayan Dankori, ranar 9 ga Afrilun 1999, masu tsaron shugaba Ibrahim Bare Mainasara suka harbe shi a filin jirgin Yamai. Sanarwar da firaminista Ibrahim Assane Mayaki ya yi wa ƙasa ta kira abin mummunan haɗari. Aka rufe shi a Dumega, tsarin mulkin da aka yi shekarar ya yi wa masu juyin afuwa. Sai a 2015 kotun CEDEAO ta ce a biya iyalansa diyya. "Haɗari" da "sudanit" uwarsu ɗaya: kalma ce da mai iko ke ajiyewa a gurbin da rahoton lokotoro ya kamata ya zauna.

Na san inda gardama take, don na sha ta a gida. Da na ce da an kira wani ya duba ɗan'uwana, babban wan babanmu ya dube ni ya ce, "Kai yaro, kwana ne ya ƙare. So kake a yanka shi kamar rago?" Na yi shiru don ba a musu da babba ranar makoki. Kuma ba maganar banza ya yi ba. Addini ya ce a gaggauta jana'iza, ya kuma hana wulaƙanta jikin mamaci, ga zafin ƙasarmu da ba ya jiran kowa, ga shi ɗakin sanyi sai manyan asibitoci. Amma kwana ya ƙare ba ya hana a tambayi ta wace ƙofa ajali ya shigo. Wanda aka kashe ma kwanansa ne ya ƙare, duk da haka shari'a ta ajiye ƙisasi da diyya. Fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure yana da babin ƙasama, rantsuwa hamsin da dangin mamaci ke yi idan akwai alama mai ƙarfi ta kisa amma shaidu ba su cika ba. Wato tun can ba a yarda jini ya tafi a banza don kawai babu wanda ya gani ba. A zamaninmu kuma majalisar manyan malamai ta Saudiyya a 1976, da majalisar fiƙihu ta Makka a 1987, sun halatta buɗe gawa idan alƙali na bukatar sanin sababin mutuwa a shari'ar kisa, ko don gano cutar da za a kare masu rai daga gare ta. Dokar ƙasa ma, wadda muka gada daga Faransa, ta ce in an tsinci gawa ba a san sababi ba, a sanar da jandarma ko ƴan sanda, su sanar da mai shigar da ƙara na gwamnati, shi kuma yana da ikon kiran lokotoro. Mu ba mu sanar da kowa ba. Tsoron a riƙe gawa, tsoron kashe kuɗi, tsoron a ce mun kai ɗan'uwa ƙara.

Abin da ban sani ba a lokacin, sai da wata abokiyar karatunmu da ke koyon aikin jinya ta zaunar da ni, shi ne yawancin binciken ba ya ma bukatar wuƙa. A tuɓe mamaci a duba shi daga kai har tafin ƙafa cikin haske. A ga inda jini ya kwanta a jiki, don bayan mutuwa yakan gangara ɓangaren da ke ƙasa, in an juya gawa ko an ɗauko ta daga wani wuri sai a gane. A taɓa sandarewar gaɓoɓi a kimanta lokaci. A nemi huda biyu a sawu ko hannu. Ta ce in kububuwa ce, wurin kan kumbura, jini ya riƙa fita ta dasashi, kuma ba kasafai take kashewa cikin sa'o'i kaɗan ba. In gamsheƙa ce, numfashi take tsayarwa. In maganin feshi ne irin wanda ake sayarwa a kasuwa ba takarda, akwai kumfa da yawu da gumi, tufafi na warin maganin, ƙwayar ido kuma takan tsuke ta koma kamar kan allura. Ta ce wannan kaɗai ba hujja ba ce cikakkiya, amma mafari ne, sai a ɗebi jini cikin ƴar kwalba, a ajiye ƙwaryar furar da ya sha. Duka bai wuce sa'a ɗaya ba, da an yi jana'iza a kan lokacinta. In maganin feshi ne, da an gargaɗi ƙannensa, waɗanda har yau da shi suke feshin wake, ba safar hannu ba abin rufe hanci. In kuwa ba guba ba ce, da mutumin da ake nunawa da baki a kasuwa ya huta.

Ƙwaryar an wanke ta tun ranar. Rigar da ke jikinsa an bayar sadaka. Da na dawo daga Maijirgi na samu kawunmu, wanda shi ya yi masa wanka, yana gyaran darni bayan gida. Na taya shi riƙe kara, muka yi ta hirar damina, sannan na yi ƙarfin hali.

"Kawu, ranar da kuka wanke shi, kun ga wani abu a ƙafarsa? Kumburi, ko huda?"

Ya daɗe bai ce komai ba. "Ban duba ba, ɗana. Wanka aka ce in yi."

"Idonsa fa?"

"Na dai rufe su," in ji shi. Ya miƙo hannu in ba shi igiya.